Kayan fatsar Kanada da ake sayarwa a Katsina: abin da za su iya a ruwanmu da abin da ba za su iya ba

Cikin kayan gwanjon da ke shigowa Katsina akwai wani saitin fatsa da ke ɗaukar idon masu sha'awar zuwa bakin dam ranar hutu. Yana zuwa ne a doguwar jaka: sanda mai gaɓa biyu, tsawonta ƙafa bakwai idan an haɗa, ƙaramin injin naɗe zare, ƙugiyoyi lamba 10 da 12, dalma mai huda a tsakiya ta giram 7 da ta giram 14, sai 'yar kwalbar ƙwan kifi ja. A jikin takardar an rubuta Round Whitefish, wani lokaci Menominee. Mai shago zai ce maka yana kama kowane irin kifi, har giwan ruwa. Ba haka ba ne. Kaya ne masu kyau, amma an auna su ne da bakin kifi guda ɗaya, kuma wanda bai san wannan kifin ba zai karya sandar a fitar farko ya ce an cuce shi.

Kifin da aka yi su dominsa, masana na kiransa Prosopium cylindraceum, dangin salmon ne. Fari ne, jikinsa a mulmule kamar taɓarya, ba faffaɗa irin na karfasa ba. Yana zaune a ruwa mai tsananin sanyi da haske: Alaska, arewacin Kanada, Saiberiya, da manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, wato Sufiriya da Mishigan da Huron da Ontariyo, ban da tafkin Iri. Yawancin waɗanda ake kamawa tsawonsu tsakanin santimita 25 zuwa 45 ne, da wuya su wuce kilo ɗaya. Abin lura shi ne bakinsa: ƙarami ne ƙwarai, yana ƙarƙashin hanci, yana kallon ƙasa. Da shi yake tsintar tsutsotsin ƙwari da ƙananan dodon koɗi da ƙwan wasu kifaye a kan tsakuwa da yashi. Ba ya fizgar koto. Tsotsa yake yi a hankali, in ya ji nauyi ya tofar. Yana zuba ƙwai a kan tsakuwa wajen Nuwamba da Disamba, lokacin da ruwa ke dab da daskarewa, kuma a wannan lokacin ne yake matsowa gaɓa har masu fatsa su same shi daga kan gadojin tashar jiragen ruwa.

Daga nan duk fasalin kayan ya fito. Tsinin sandar siriri ne don ya nuna taɓawar da hannu ba zai ji ba. Ƙugiyar ƙarama ce don ta shiga wancan bakin. Dalmar tana da huda don zare ya zame a cikinta, kifi ya ɗauki koto bai ji nauyi ba. Zaren kuwa na fam 4 ne, wato yana tsinkewa a wajen kilo 1.8, an zaɓe shi siriri saboda a ruwan can kifi na ganin zare.

Sandar ita ce abin sayen. A dam ɗin Ajiwa ko Sabke ko Daberam, inda karfasa ke wasa da tana tana ɓantara kaɗan-kaɗan, wannan tsinin zai nuna maka abin da sandar gora ke ɓoyewa. Ƙurungu ma haka, don shi ne ya fi kama da kifin can a ɗabi'a: bakinsa a ƙasa yake, a ƙasan ruwa yake kiwo, kuma taɓawarsa ƙyaf-ƙyaf ce. Kawara ma tana hawa ƙugiya lamba 12 ba gardama. Kafin a biya kuɗi, a haɗa gaɓoɓin biyu a duba bakin mahaɗar ko akwai tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Sannan a zura ɗan auduga cikin kowane zoben da zare ke bi. In audugar ta maƙale, zoben ya fashe, kuma zai riƙa yanke zare ba ka san dalili ba. Zoben tsini shi ya fi lalacewa. Ana canza shi da ɗan wuta da gam, amma sai a rage kuɗin.

Sandar ba ta jure taku ko matsi, kuma yawancin karyewarta ba a ruwa take faruwa ba, a kan babur ne. A yanko bututun roba na masu famfo mai inci uku, a toshe ƙarshensa, a riƙa sa ta a ciki. In irin baƙar nan ce ta kabon, tana ɗaukar wutar lantarki, don haka a kiyayi wayar wuta a sama, kuma da hadari ya taso ana walƙiya a kwantar da ita.

Zaren da ya zo a kan injin, a ɗauka ya mutu sai an gwada. Zaren nailan rana da zafi na cinye shi, ga shi ba wanda ya san shekarun da ya yi a kwantena da rumfar kasuwa. Gwajin ba wuya: a warware kamar ƙafa biyar, a ƙulla shi a bakin leda, a sa ledar fiya wata biyu a ciki, wato kilo ɗaya ke nan, a ɗaga a hankali. In ya tsinke, a zubar da shi duka. Ko ya wuce gwajin ma, gara a canza shi da na fam 8, mai kaurin kusan milimita 0.25. Ruwan dam ɗinmu, musamman da damina, jajir yake da laka, kifi ba ya ganin zare, saboda haka sirantar ba ta ƙara komai sai asara. Kada dai a wuce fam 10, don kwarkwaron injin ƙarami ne, zare mai kauri zai riƙa zubowa zobe-zobe ya cukurkuɗe.

Injin yana da santsin juyi, sai dai man da ke cikinsa na ƙasar sanyi ne, ruwa-ruwa, a zafin Afrilu tsiyayewa yake yi. Ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da ragowar sai ta zama kamar yashin goge ƙarfe. A kwance murfin gefe, a wanke haƙoran da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari su bushe, a shafa giris kaɗan kamar ƙwayar wake. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya ishi ɗan gargaren da zare ke bi ta kansa. Ban da fetur, yana cin roba. Birkin da ke saman kwarkwaro shi ne mutane suka fi ɓatawa: suna ɗaure shi tamau. A saita shi yadda zare zai fara zamewa da nauyin ledar ruwa ɗaya in zaren fam 4 ne, biyu in an koma fam 8.

Inda saitin ya fi gazawa shi ne ɗaurin dalma. An tsara ta kwanta a kan tsakuwa, ƙugiya na biye da ita kamar santimita 40. Dam ɗinmu kuwa yawanci laka ce a ƙasa. Dalmar giram 14 nutsewa take yi ta ja koton cikin taɓo, ka zauna daga hantsi har azahar kana cewa ba kifi. Gyaran shi ne a juya ɗaurin: dalmar giram 7 a can ƙarshen zare, ƙugiya a kan ɗan reshen zare mai tsawon santimita 10, a ɗaura shi santimita 25 zuwa 30 sama da dalmar. In an fi son ɗaurin asali, a soka ɗan guntun totuwa ko soson silifa kamar ƙwayar gyaɗa, yatsa uku daga ƙugiya, ya ɗaga tanar daga laka. Bayan jifa a ja zare ya miƙe har tsinin ya ɗan rusuna, a kafa sandar a kan reshe mai baki biyu. Taɓawa ta farko da ta biyu a ƙyale. Sai tsinin ya sunkuya ya tsaya, sannan a ɗaga da wuyan hannu kawai. Fizgar da aka saba yi da sandar gora za ta yage leɓen karfasa ko ta tsinke reshen zaren.

Kwalbar ƙwan nan ba ta da wani amfani a nan. Da gishiri da magani aka adana shi, yawanci ya daɗe, zafi ya narkar da shi. Tana ta fi shi, shinge da farkon damina ya fi tana, ga kuma ƙullun garin masara da dakakken ƙuli-ƙuli ga karfasa. In akwai ƙananan dalma masu tsaga a jakar, a matse su da filaya, kada a sa haƙori. Abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya isa gargaɗi.

Tarwaɗa fa? Ƙarama, ƙasa da kilo, za a iya fito da ita da haƙuri. Babba kuwa haɗiye ƙugiyar take yi, ƙananan haƙoranta su goge zare, ta nufi kututture, siririyar ƙugiyar ta miƙe. Gaiwa datse zaren take yi kawai. Wanda tarwaɗa yake nema ya sayi wata sandar. Masunci mai ci da sana'ar ma wannan ba kayansa ba ne, jifa ɗaya na birgi, wato ragar da ake jefawa, ya fi masa wuni da ita.

Lokaci ma sai an juya shi. Kifin can sanyi ke kawo shi gaɓa, karfasa kuwa sanyi ke kashe mata ci. A Disamba da Janairu fitar asuba wahala ce kawai, a bari rana ta ɗaga, a nemi gefen da ruwa bai yi zurfi ba daga hantsi zuwa la'asar. A gaida sarkin ruwan wurin kafin a jefa, shi zai faɗi inda aka shimfiɗa kalli da mamari, don ƙugiya lamba 10 in ta shiga ragar wani ba ta fita da daɗi.

Wajen ciniki, a yi kuɗin sanda da inji kawai, tunda zare sabo za a saya, ƙwan kuma zubarwa za a yi. In mahaɗar sandar ta tsage, a bar wa mai shago kayansa ko nawa ya rage, don wannan wurin ba ya gyaruwa.