Na sake kallon Titanic, har yanzu bai kwanta mini ba

Duk ranar da na ce fim ɗin Titanic bai burge ni ba, sai a bi ni da kallo kamar na yi saɓo. Shi ya sa makon jiya na ce bari in sake ba shi dama, wataƙila ƙuruciya ce ta hana ni gane shi a karon farko. Na kashe waya, na zauna awa 3 da minti 14 cur, ban tsallake ko'ina ba.

Gaskiya ɗaya ce, daraktan fim ɗin, James Cameron, ya iya aikinsa. Fim ne da aka kashe wa kusan dala miliyan 200 a 1997, ya kwashi lambar yabo ta Oscar har 11, kuma shi ne na farko da cinikinsa ya haura dala biliyan 1. Daga lokacin da jirgin ya gogi dutsen ƙanƙara, ba ni da abin cewa. Ruwa na malalowa ta lunguna, farantai na zamewa daga kanta suna tarwatsewa, fitilu na ɗaukewa suna dawowa, ƙarfen jirgin na wani irin nishi kamar dabbar da aka yanka. A nan kam har numfashi na riƙe.

Amma kafin a kai nan sai ka haƙura da soyayyar Jack da Rose, taurarin labarin, na fiye da awa ɗaya da rabi, kuma su ne matsalata. Jack ba shi da aibi ko ɗaya: ga fara'a, ga iya zane, ga amsa a bakinsa kullum. Shi kuwa Cal, wanda aka yi wa Rose baiko da shi, an cika masa mugunta har ta zama abin dariya. Jirgi na nutsewa, kowa na ta kansa, shi yana bin mutane da bindiga saboda kishi. Haba! In ka cire mutum ɗaya ko biyu, duk mai kuɗi a fim ɗin ɗan girman kai ne, duk talaka kuma mai rawa ne da dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗannan biyun ƙirƙirarsu aka yi, alhali jirgin cike yake da mutanen gaske masu labarin da ya fi nasu nauyi. Mutum kusan 2,200 ne suka nufi New York a cikinsa, fiye da 1,500 suka halaka a daren 14 zuwa 15 ga Afrilun 1912. Kwale-kwalen ceto 20 kacal aka tanada, masu ɗaukar mutum 1,178, wasu ma an sauke su ko rabi ba su cika ba. Ida Straus ta samu gurbi ta ƙi shiga, ta ce ba za ta rabu da mijinta Isidor ba bayan shekara 40 da aure. Me fim ɗin ya ba su? 'Yan daƙiƙu, tsofaffi biyu rungume da juna a kan gado ruwa na shigowa, ko sunansu ba a ambata ba. Ni wurin ne kaɗai idona ya ciko.

Ga kuma William Murdoch, ɗaya daga cikin manyan jami'an jirgin. An nuna shi ya karɓi kuɗi a hannun Cal, ya harbe fasinjoji, ya kuma harbe kansa, ba tare da tabbatacciyar hujja ba. Mutumin nan yana da dangi a garin Dalbeattie na Sikotlan, sai da suka koka, har wani babba daga kamfanin fim ɗin ya je can a 1998 ya ba da haƙuri. Jirgin Californian kuwa, da ke kusa a daren amma bai kawo ɗauki ba, an yanke shi gaba ɗaya daga fim ɗin da aka saki. Babu fili, soyayya ta cinye.

Maganar ko katakon da Rose ta hau ta tsira a cikin teku zai iya ɗaukar ta da Jack su biyun, wannan gardama ba ta dame ni ba, a bar wa masu lokaci.

Ƙarshen ne ya sa na yi tsaki. Rose ta zama tsohuwa mai shekara 100, ta yi aure, ta hayayyafa, ga jikarta tana ɗawainiya da ita dare da rana. Ta bar masu bincike suna ta wahala a ƙasan teku neman lu'ulu'un da ke aljihunta, sannan cikin dare ta lallaɓa ta jefa shi ruwa. Da ta rufe ido kuma, mijin da suka tsufa tare ko ƙeyarsa ba a nuna ba. Jack, saurayin da ta sani na kwanakin da ba su kai biyar ba ne ke jiranta a kan matakala, jama'a na tafi.