Sabon Zubin Manhajar Gyaran Hoto Ya Dagula Saitin Kayan Aiki

Sabon zubin manhajar gyaran hoton da nake aiki da ita a shagona da ke unguwar Nima a birnin Accra ya fi na baya saurin buɗe manyan hotuna, kuma ya ƙware wajen ware mutum daga abin da ke bayansa. Sai dai ya sauya saitin kayan aiki ba tare da sanarwa ba, wannan kuwa ya ɓata mini rai ƙwarai.

Babbar matsalar tana wurin buɗe sabon shafi. A da saitina yana kan ɗigo 300 a kowane inci da tsarin launi na CMYK, wanda injin buga takarda yake buƙata, amma yanzu ya koma ɗigo 72 da tsarin launi na RGB, waɗanda suka fi dacewa da allon waya ko na kwamfuta. Katin ɗaurin auren da na tsara wa wata Hajiya daga unguwar Mamobi ya fito dishi-dishi, koren lallen da ke gefensa ya dushe, dole na sake bugawa da kuɗina.

Buroshin gyaran fata ma bakinsa ya yi kaifi, yana barin tabo a kunci. Ina shawartar abokan sana'a su adana saitinsu a fayil daban kafin su amince da sabuntawa.