Na Panjabi ko na Kudu: wanne ke isowa ƙofa da daɗinsa?

Hajiya, sannu da jinya, Allah Ya ba Mama lafiya. Kin tambayi wanne za a riƙa kawo muku masauki a Delhi, abincin Panjabi ko na kudancin Indiya. Ki ɗauki na Panjabi.

Shekara 3 na yi ina karatu a Jalandhar da ke jihar Panjab, kuma rajma chawal ce ta riƙe ni. Shinkafa da wake ce irin tamu, sai dai nasu jan wake ne manya, an dafa shi cikin tumatir da albasa da citta har romon ya yi kauri. Ranar da na fara cin ta cikin Janairu ne, hazo ya rufe gari, ga mura, kwana biyu bakina ba ya karɓar komai. Yaron da ya kawo abincin ya miƙo mini roba ɗaure a leda, ina buɗewa tururi ya daki fuskata. Wallahi sai na ji kamar a tsakar gidanmu nake, yajin ƙuli kawai ya rage. Ban bar ko ƙwaya ba.

Girkinsu na jan lokaci ne a kan wuta. Dal makhani, ƙananan baƙin wake da man shanu, awanni take yi tana nuna, shi ya sa tafiyar rabin awa a babur ba ta rage mata komai, washegari ma a ɗumama a ci. Ki haɗa da tandoori roti, gurasarsu ta alkama. Naan, wani nau'in gurasar, da farar fulawa ake yi, yana hucewa sai ki yi ta ja kamar roba.

Dosa kuwa, wainar shinkafa mai faɗi ta mutanen Kudu, a bakin kasko take da daɗi. A kwali tana isowa a jiƙe kamar tsumma, sau biyu na saya ban ƙara ba.

Mama dai kada a ba ta makhani, mai ya yi yawa. Ki nemar mata khichdi, shinkafa da wake ne da aka dafa suka yi lugub kamar fate, in likitanta ya yarda. Ki rubuta musu a wurin saƙo su rage gishiri da barkono.

Sai batun nama, don Allah ki kula. Gidajen abincin Panjabi da yawa naman jhatka suke amfani da shi, wato sara ɗaya ake yi wa dabbar, ba yanka irin namu ba. Wani in kin kira zai iya ce miki halal ne don ya sayar. Duk abincin da aka yi wa alamar koren ɗigo babu nama a ciki, ki ci hankali kwance. Ranar da kike son kaza, ki nemi gidajen Musulmi na wajen Jama Masjid ko Nizamuddin.

A Zomato da Swiggy, manhajojin odar abinci, akwai masu kicin ɗaya da sunaye biyar da hotuna masu sheƙi. Ki gangara ƙasan shafin ki duba adireshi da lambar lasisin FSSAI, hukumar kula da ingancin abinci ta Indiya, ki karanta ƙorafin masu saye. Paneer, wato cukunsu, mai arha sosai ki bar shi, wasu da man girki da sitaci suke haɗa shi maimakon madara. In kuma wani ya bugo ya ce ki soke odar ki turo masa kuɗi kai tsaye, ki kashe wayar.

Yau ki fara da rajma chawal ɗaya da roti huɗu, khichdi ta Mama daban.