Gyaran CV a Samaru: ya iya aiki, amma lambar wayata da ya ɓata ta ci min mako uku

Wata biyu da dawowata daga bautar ƙasa ina ta aika CV ɗin da na haɗa da kaina, shiru kake ji. Wani abokin karatuna ne ya tura ni wani shagon kwamfuta a layin shagunan nan na Samaru, daura da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), Zariya. Kuɗin da mai shagon ya yanka min ya ɗan yi yawa, amma na biya.

Na ɗauka irin aikin da aka saba ne, a buɗo tsohon CV ɗin wani a goge suna a sa naka. Sai mutumin ya karɓi shafi huɗun da na zo da su, ya zaro jan biro. "Ƙanena, wa ya ce maka mai ɗaukar aiki yana son sanin firamaren da ka yi?" Ya soke firamare, ya soke addini, ya soke inda na rubuta wai ina sha'awar karatu da tafiye-tafiye. Jihar asali da ƙaramar hukuma ya ce in ajiye su sai in aikin gwamnati zan nema, can ake tambaya saboda rabon gurabe tsakanin jihohi. Imel ɗina ma, wanda na buɗe da laƙabi tun ina sakandare, sai da ya sa na buɗe sabo da cikakken sunana.

Daga nan ya zaunar da ni a benci kusan awa guda yana yi min tambayoyi. Ni a ganina ba ni da wata gogewar aiki, shi ya sa SIWES (horon sanin makamar aiki na ɗalibai) ɗin da na yi a IAR, cibiyar binciken aikin gona ta ABU, layi ɗaya kawai na ba shi. Ya ce, "Me ka yi da hannunka a can?" Na ce auna tsayin masara a gonar gwaji, rubuta alƙaluman a takarda, sannan in shigar da su Excel. Ya ce to shi za mu rubuta, ba sunan wurin kaɗai ba. Haka ya yi da bautar ƙasa: na koyar da darasin noma a aji uku, ɗalibai kusan 120, na kuma kafa lambun makaranta. Na baya-bayan nan ya sa a sama, tsofaffin a ƙasa. Komai ya shige shafi ɗaya, ya mayar da shi PDF don kada tsarin ya wargaje a wayar wani. Wallahi da na karanta, ranar na fara ganin ashe ina da abin nunawa. Har mutum biyu na tura masa a makon.

Wurare tara na aika. Mako uku babu kira. Sai kawuna na Tudun Wada ya karɓi kwafi zai kai wa wani, ya gwada lambar da ke jiki, wata mata ta ɗauka. Alƙaluma biyu na tsakiya aka juya, na gaba ya koma baya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin ba kowane ofis ne ke bi ta imel ba, da yawa kira ɗaya za su yi su wuce na gaba.

Na koma shagon, ya cika da ɗalibai masu buga furojet. Na ce, "Malam, dubi abin da ka yi min." Buɗar bakinsa sai ya ce ai ya ba ni na duba. E, ya ba ni, amma a lokacin an ɗauke wuta, janareto na ci, yana ta ce min in yi sauri mai zai ƙare. Mutumin da ya ɓata awa guda a kan masara ya kasa ba ni minti biyu in karanta lambata. Ya gyara, bai ce yi haƙuri ba, ya kuma nemi kuɗin sake bugawa. Wannan kuɗin ya fi kuskuren ƙona min rai.

Abokaina biyun nan na kira su a daren, na ce kowa ya ɗauko nasa ya buga lambar da ke jiki da wayar wani. Tasu daidai take. Ni kuwa gobe zan fara bin wuraren nan tara da sabon kwafi, uku daga ciki sun riga sun rufe karɓa.