Gargaɗi ga masu neman na'urar kamo rediyo ta gida a Kumasi

'Yan'uwa mazauna Aboabo, Asawase, Sabon Zango da sauran unguwanninmu, ina jan hankalinku game da wani mai talla da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana sayar da tiyuna, na'urar nan mai kamo tashoshin rediyo wadda ake haɗawa da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da manyan lasifikoki a falo. Sunan da yake amfani da shi yana canzawa, lambar wayarsa ma haka, saboda haka ambaton suna ba zai amfani kowa ba. Salon aikinsa ne bai canza ba, kuma shi zan bayyana.

Yakan ɗora hotunan na'urori masu tsabta na kamfanonin da kowa ya yarda da su, irin su Sony, Pioneer, Technics da Yamaha, ya ce kayan gwanjo ne da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma yana Accra, don haka sai dai ya aiko ta mota. Farashinsa yana ƙasa da na shagunan Adum, amma bai yi arhar da za ta sa mutum ya tsargu ba. Daga nan sai ya nemi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, ragowar kuma idan kaya sun iso tashar mota. Wasu sun biya, kaya ba su zo ba, waya ta daina shiga. Wannan tsohuwar damfara ce da ba ta buƙatar dogon bayani. Wadda ta fi damuna ita ce wadda kayan suke isowa, domin a nan ne mai saye yake cika ragowar kuɗin da hannunsa, yana godiya, kafin ya gane abin da aka yi masa.

Na'urorin ba jabu ba ne. Na gaske ne, wasunsu ma masu kyau ƙwarai, amma an ƙera su ne domin kasuwar cikin gida ta Japan, kuma wannan ne abin da yake ɓoyewa. A Ghana, kamar yadda yake a mafi yawan ƙasashen duniya, tashoshin FM suna tsakanin mita 87.5 da 108. A Japan kuwa zangon ya daɗe yana tsakanin 76 da 90, sai daga baya aka faɗaɗa shi zuwa 95. Ma'anar wannan ita ce akasarin tsofaffin tiyunan Japan ba su haɗu da namu zangon ba sai a ɗan tsakanin 87.5 da 90, kuma duk abin da ya haura haka babu wata eriya ko dabarar mai gyara ta 'yan mintoci da za ta kawo shi. Mutumin Kumasi da ya sayi irin wannan ba zai ji Garden City Radio a 92.1 ba, ba zai ji Kessben a 93.3 ba, balle Angel a 96.1, Luv a 99.5 ko Nhyira a 104.5.

Wayon mai tallan yana cikin bidiyon gwajin da yake turowa. Idan ya fahimci cewa mai saye ɗan Kumasi ne kuma Bahaushe, sai ya tabbatar masa cewa na'urar tana kama Zuria FM ras, kuma ba ƙarya ya yi ba, domin Zuria tana kan mita 88.7, cikin ɗan wurin nan da zangunan biyu suka haɗu. A bidiyon za ka ji murya tana fitowa garau daga wata tasha ta ƙasan zango, za ka ga fitilar sitiriyo ta kama, amma ba za ka taɓa ganin hannunsa ya murɗa maɓallin zuwa ɗaya ƙarshen ba, kuma kyamarar ba ta tsayawa a kan gilashin da lambobi suke. Na ga ɗaya daga cikin waɗannan na'urori a kan teburin wani mai gyaran rediyo a Alabar, wani dattijo ya kawo ta yana cewa allurarta ta maƙale. Mai gyaran ya murɗa ta har ƙarshe, ya nuna masa da ɗan yatsa, ya ce: "Baba, ba maƙalewa ta yi ba, iyakarta ke nan. Ku duba, lambar ƙarshe 90 ce." Dattijon ya ce ai ɗansa ne ya saya masa a waya, kuma an nuna masa tana aiki. Tana aiki kuwa, a kan tashoshin da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari, ita ce ta wutar lantarki. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta Japan kuwa 100, ta Amurka 120. Na'urar da aka yi domin bolt 100, idan aka soka ta kai tsaye a bangon ɗaki a nan, in an yi sa'a fis ne zai ƙone, in ba a yi ba taransifomar cikinta ce za ta tafi, wani lokaci har da hayaƙi da ƙauri. Mai tallan ya san haka sarai, shi ya sa yake yanke kan wayar wutar na asali mai ƙafa biyu masu faɗi, ya sa mata irin namu mai ƙafa uku, sannan ya liƙa takardar farashi a bayan na'urar daidai inda aka rubuta ƙarfin wutar da take ɗauka. Lokacin da yake ɗaukar bidiyo, akwai na'urar rage ƙarfin wuta a ƙarƙashin tebur, inda kyamara ba ta kaiwa. Idan mai saye ya kira yana kuka cewa ta ƙone a daren farko, amsar a shirye take: wutar unguwarku ce ta yi hawa da sauka. Da yake dukkanmu mun san halin wuta, da yawa sukan yarda, su ɗauka ƙaddara ce. A ganina wannan ɓangaren ya wuce cin amanar ciniki, domin wanda ya ɓoye irin wannan rubutu ya sa ɗakin mutane da 'ya'yansu cikin haɗarin gobara da saninsa.

Kwanan nan ya ƙara wani salo, yana tallar wasu na'urori daga Ingila a matsayin "rediyon dijital" da ya ce ita ce makomar Ghana. Gaskiya ne cewa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCA, ta ƙaddamar da gwajin rediyon dijital a watan Agustan 2023, da wasu tashoshin Accra da Kumasi, amma tsarin da aka ɗauka shi ne DAB+. Tsofaffin na'urorin Ingila da yawa suna ɗauke da DAB na farko ne kawai, wanda ba ya iya fassara sautin sabon tsarin, har ma yakan yiwu sunan tasha ya bayyana a allo amma babu murya. Wanda yake son wannan sai ya nemi rubutun DAB+, mai alamar ƙari (+), a jikin na'urar da idonsa. Haka nan dattawan da suka saba sauraren sashen Hausa na tashoshin ƙetare a gajeren zango su sani cewa yawancin tiyunan falo FM da matsakaicin zango kawai suke da su, duk abin da mai talla zai faɗa. Kuma tiyuna ita kaɗai ba ta magana; sai an haɗa ta da amfilifaya ta wayoyin nan biyu, ja da fara.

Ba ina cewa a guji kayan gwanjo ba ne, domin akwai 'yan kasuwa masu amana a Adum da Kejetia waɗanda za su bar ka ka gwada har ka gamsu, kuma tsohuwar tiyuna mai kyau takan fi sababbi masu arha daɗin sauti. Abin da nake roƙo shi ne kada a fitar da sisi kafin a juya bayan na'urar a karanta abin da masana'anta suka buga a jikin ƙarfen, ba a takardar da aka liƙa ba, a tabbatar akwai 220, 230 ko 240, ko kuma ɗan makunnin zaɓen wuta da wasu ke zuwa da shi, wanda dole a daidaita kafin a soka. Sannan a murɗa ta daga 87.5 har 108, a ji tasha a ƙasa, a tsakiya da sama, a bar ta kunne na ɗan lokaci a ga ko tashar tana zamewa idan ta yi zafi. Idan dole cinikin nesa za a yi, a nemi kiran bidiyo kai tsaye, a ce ya kama Peace FM a 104.3 tunda ya ce yana Accra, ya kuma bi wayar wutar da kyamara har zuwa bango. In ya fara kawo uzurin rashin intanet, a bar cinikin.

Game da biya kuwa, kafin a sa lambar sirri a MoMo sunan mai karɓa yana fitowa a waya, kuma waɗanda abin ya shafa sun lura cewa sunan bai taɓa dacewa da na mai tallan ba. Kullum na ƙanwarsa ne ko na yaron shagonsa. Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya goge saƙon shaidar biya, ya ɗauki hoton hirarsu da na tallan kafin a cire shi, ya sanar da kamfanin layinsa da gaggawa, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, sannan ya kira ko ya aika saƙo zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa. Wanda kuma na'urar ta riga ta iso hannunsa bai kunna ba, ya kai ta wurin mai gyara a ɓare takardar bayan tukuna.