Tres Hombres ko Eliminator: wanne za ka fara saya?

Ƙanina, tunda kuɗin faifai ɗaya gare ka, kuma ka rasa na ɗauka tsakanin ZZ Top na da, ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka, da ZZ Top na zamanin talabijin, ɗauki Tres Hombres na 1973. Eliminator ba inda za shi. Abin da aka sayar da kwafinsa sama da miliyan 10 a Amurka kaɗai, ko bayan shekara goma ka nema za ka tsince shi a gwanjo.

Ni a ɗakin kawuna na fara jin su. Ya yi karatu a Houston, garin da aka kafa ƙungiyar a 1969, ya dawo mana da akwati biyu: ɗaya littattafai, ɗaya fayafayan garmaho. Ba ya bari yaro ya taɓa masa su. Shi zai zaro faifan, ya riƙe shi ta gefe-gefe kamar mai ɗaukar ƙwai, ya hure ƙura, ya sa allura, sannan ya ce in zauna a ƙasa in yi shiru. Abin da ya fara kama ni ma hoton cikin bangon Tres Hombres ne. In ka buɗe shi gida biyu, abinci ne shaƙe da tebur irin na mutanen iyakar Texas da Meziko, ga wake ga shinkafa ga cuku yana narkewa. Na ce masa, Kawu, waɗannan mawaƙa ne ko masu gidan abinci? Ya ce in rufe baki in buɗe kunne.

To, na buɗe. Sunan faifan a yaren Sifaniyanci yana nufin maza uku, kuma iyakarsu ke nan: Billy Gibbons da jita, Dusty Hill da jitar bas, Frank Beard da ganguna. Kana jin kowannensu daban, kamar a ce suna zaune cikin zauren gidanku. Gangar a bushe take, kusa da kunne, kana jin itace yana dukan fata. Jitar Gibbons, wata tsohuwar Les Paul ƙirar 1959, tana da shaƙewa irin ta muryar dattijon da ya sha hayaƙin murhu. Yakan matse tsirkiya da gefen ɗan yatsa ta yi wani ɗan tsuwwa siriri, sai kawuna ya ɗaga hannu sama kamar wanda aka yi wa kirari. Waƙar farko ba ta gama mutuwa ta biyu ta shigo a kanta, babu ko numfashi a tsakani, kiɗan ya sauko daga sassarfa zuwa tafiyar raƙumi. Har yau in na ji wannan gaɓar sai tsigar jikina ta tashi, kuma na ji ta ya fi sau ɗari.

Waƙoƙi 10 ne, duka-duka rabin awa da 'yan mintoci. Ba ciko a ciki. La Grange, wadda ita ta fito da su, an ɗora ta ne kan salon kiɗan John Lee Hooker, tsohon mawaƙin blues na Amurka, zubi ɗaya da ake ta maimaitawa har sai ya shiga jinin mutum. Duk wanda kunnensa ya saba da gurmi ko jitar mutanen Agadas ba zai ji shi baƙo ba. Sai dai in faɗa maka tun da wuri: waƙar a kan wani gidan mata masu zaman kansu take, a gefen wani ƙaramin gari a Texas. Kawuna bai taɓa fassara mana ita ba, sai da na girma na gane dalili. Kada ka ƙure ta a gaban surukai.

In ka samu rarar kuɗi gaba, Rio Grande Mud na 1972 ɗan'uwansa ne na jini, ya ma fi shi ƙura da gumi. Fandango! na 1975 rabinsa a gaban 'yan kallo aka ɗauka. A shekarun nan mutanen ba su da dogon gemun da aka san su da shi yanzu. Abin da suke da shi ƙarfin hali ne: a rangadinsu na 1976 har da bijimi da ɓauna da ungulu da macizai suka riƙa hawa dandamali. Bayan nan suka tafi dogon hutu, Gibbons da Hill suka dawo da gemu har ƙirji. Beard kuwa, wanda ma'anar sunansa a Turanci gemu ne, shi kaɗai ya tsaya a gashin baki. Degüello na 1979 shi ne na ƙarshe da zan iya rantsuwa a kansa daga farko har ƙarshe.

Eliminator fa? Ina da shi. Kaset na saya, da kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa, kuma ba zan ce maka kiɗan banza ba ne. Gibbons bai manta jita ba, kuma in kana tuƙi a doguwar hanya yana hana gyangyaɗi. Amma a 1983 na'ura ta riga ta shigo ta zauna a tsakiyar ɗaki. Bugun yana tafiya ɗaiɗai kamar injin niƙa, ba ya gaba ba ya baya, ba ka jin hannun ɗan Adam ya ɗan makara ko ya ɗan yi gaggawa, alhali a wannan 'yar makarar daɗin kiɗan blues yake. An yi shi ne don MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, da jar motar nan Ford ƙirar 1933 da 'yan mata da gemu. Sun samu abin da suka je nema. Afterburner na 1985 kuwa, shi ne wanda na yi da-na-sanin saye. Sau uku na ji shi, na naɗi labaran rediyo a kan kaset ɗin.

Akwai masu cewa duk wanda ya fi son tsofaffin fayafayai hassadar nasara ce ke cin sa. Ni ban ƙi su yi kuɗi ba, sun yi shekara goma sha suna kiɗa kafin nan. Kuma Tres Hombres ma ya ci kasuwa a zamaninsa, ya shiga sahun goman farko a Amurka. Abin da na sani shi ne, in na sa na 1973 ina jin mutum uku suna sauraren juna. In na sa na 1983 ina jin mutum ɗaya da jita yana bin agogo.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Tres Hombres iri biyu ne a kasuwa, bango ɗaya, suna ɗaya. Da Eliminator ya yi kuɗi, a 1987 aka kwaso tsofaffin fayafayansu za a mai da su CD, sai aka sake cakuɗa sautin don ya yi kama da na yayi. Aka lafta wa gangunan amsa-kuwwa, suka koma kamar ana dukan durom a cikin kango. Shekara kusan ashirin wannan algus ɗin ne kawai ake samu a CD. Sai a 2006 aka sake fito da Tres Hombres da Fandango! da sautinsu na asali, a 2013 kuma aka fito da akwatin fayafayai 10 da aka mai da sauran yadda suke.

Ni ta ci ni. Wani mai shago ya dafa ƙirji ya ce mini nasa na asali ne daga waje, har da cewa in ban ji daɗinsa ba in dawo da shi. Na kai gida na sa, na ji kamar an yi wa kawuna kwalliya da hoda. Da na koma, sai ya ce leda ta riga ta ɓare. Ban ma tabbata ya san bambancin ba, amma rantsuwar da ya yi ta sani ce.

Saboda haka kada ka biya sai an sa maka ka ji. Nemi La Grange. Tana farawa da ƙwanƙwasar sanda a bakin ganga, can sai gangunan duka su faɗo. In sun faɗo a bushe, tim-tim, kamar a gabanka, shi ne. In kuwa ka ji sautin yana yawo yana dawowa kamar a babban ɗakin taro da ba kowa, ajiye masa kayansa. Duba bayan bango kuma: fitowar 2006 tana da ƙarin waƙoƙi 3 na gaban 'yan kallo, jimla 13. Amma bango ba shaida ba ne, masu buga na jabu suna iya ɗaukar hoton wannan su zuba sautin wancan. Masu turi a mimori ma haka, abin da suka tsinta a intanet shi za su zuba maka, sau da yawa kuma na 1987 ɗin ne. In faifan garmaho ne aka ce maka bugun farko ne don a tsuga maka kuɗi, kalli tambarin da ke tsakiya. Na farko kamfanin London ne ya buga shi. In ka ga Warner Bros., bugun baya ne. Sautinsa lafiya lau, amma kada ka biya kuɗin na farko. Ka ɗaga shi a haske ka karkata, ka ga ko akwai ƙarzuwa mai zurfi ko ya lanƙwashe don zafin rana.

Na kawuna yana wurina yanzu. Akwai wani ɗan tsagi a waƙa ta uku inda allura ke tsalle, ni na yi shi ranar da na saci taɓawa ba ya nan. Bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. In ka shigo gari ka biyo, in sa maka shi da CD ɗin algus ɗin a jere, don shi ma ban yar ba.