Shatavari Kalpa: abin da na gani bayan gwangwani biyu

'Yata na da sati biyar na fara zargin nonona ya ja baya. Da yamma ta yi sai kuka, ta kama ta saki, ni kuma hankalina ya tashi. Wata abokiyar aikina 'yar Indiya ce ta kawo min gwangwanin Shatavari Kalpa, ta ce shi mahaifiyarta ta ba ta lokacin da ta haihu.

Tsaki-tsaki ne da ake yi da saiwar shatavari, tsiron da masu maganin Ayurveda, wato maganin gargajiya na Indiya, suka daɗe suna bai wa masu shayarwa. Cokali biyu nake zubawa a madara mai ɗumi, safe da dare. Yana narkewa nan take, ba ɗaci, ba ƙarni. Sai dai zaƙi! Da na karanta bayan gwangwanin, ashe sukari ya fi komai yawa a ciki. Mai ciwon suga kada ta taɓa shi sai likita ya amince. Ya fi min hulba, wadda Indiyawa ke kira methi, don ita har a zufata nake jin warinta.

Kafin na kai cokalin farko baki sai da na nuna wa ungozoma. Ba don raini ba: wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurveda da aka saya a shagunan Boston na ɗauke da dalma ko zaiba ko makamancinsu. Abin da zai iya bi ta nono ya kai ga jaririya ba abin wasa ba ne. Ku nemi wanda ke da lambar lasisi da shaidar gwaji.

Ya yi aiki? A sati na biyu nonon ya ƙaru, tana jiƙa kunzugu fiye da shida a rana. Amma a ranar da ungozomar ta duba gwangwanin ne ta gyara min yadda yarinyar ke kama nono, ta ce in riƙa ba ta ko cikin dare, don yawan tsotso ne ke sa jiki ya ƙara samar da shi. Zuciyata ta fi ba ni cewa wannan ne ya ɗauki kaso mafi girma.

Na ƙarasa gwangwani na biyu, ban sayi na uku ba, kuma har ta cika wata shida nono zalla take sha.